Alƙaluma ko alfarma? Yadda ake yanke shawarar inda malami da sabon aji za su je

Duk wanda ya taɓa leƙa ofishin sufeton makarantun firamare a makonnin farko na komawa makaranta ya san yadda wurin yake cika. Babura jere a gindin bedi, daraktocin makarantun karkara riƙe da takardu cikin leda saboda ƙura, malaman kwantaragi masu neman a canza musu wuri, ga kuma wakilin wani maigari da ya yi sammako don ya tuna wa sufeto cewa yaran garinsu sun daɗe ba su ga mushe ba. Kowa da buƙatarsa, kuma kusan kowa yana da gaskiya.

A cikin ofis kuwa lissafi ba ya fita. Sabbin malaman da aka turo daga jaha ba su kai waɗanda aka nema ba. Tebura da bencina kaɗan ne. Kuɗin gina aji, in ma akwai, bai wuce na wuri biyu ko uku ba. Dole wani gari ya samu, wani ya jira baɗi. To da me sufeto zai auna? Da takardun da ke gabansa, ko da nauyin wanda ya kira shi a waya daren jiya?

Amsar wannan tambaya ita ce ke sa ƙanwar wani a ƙauye ta iya karatu kafin ta kai CE2, ko kuma ta kai CM2 ba ta iya rubuta sunanta ba. Shi ya sa ya kamata matasa da ƴan uwanmu mazauna waje, waɗanda da yawansu ke aiko da kuɗin littafi da na gina aji, su san yadda alƙaluman ilimi ke tafiya a ƙasar nan, da yadda magabata ke aiki da su, da kuma inda suke ruɗin mai karanta su.

Daga littafin kiran suna zuwa Yamai

Tushen kowace ƙididdiga ta ilimi shi ne littafin kiran suna da ke kan teburin malami. Daga nan darakta ke tattara abin da zai saka cikin rahoton farkon shekara: yara nawa ne a kowane aji daga CI zuwa CM2, maza nawa mata nawa, su wa ke maimaita aji, malamai nawa ne, nawa ne ma'aikatan dindindin nawa ne ƴan kwantaragi. Yana kuma bayyana irin azuzuwan, na siminti ne, na laka ne ko na zana, da yawan tebura da littattafai, da ko makarantar tana da ruwa da makewayi.

Rahoton yana bi ta hannun jami'in da ke kula da rukunin makarantu ta fuskar koyarwa, ya kai ga sufeto. Sufeto ya haɗa na dukkan makarantunsa ya tura gaba, har ya kai ga shugaban ilimi na jaha, daga nan sai ma'aikatar ilimi a Yamai, wadda ke fitar da kundin ƙididdiga na shekara. Nijar tana da jihohi 8 da gundumomi 63, kuma a kowane mataki ana dunƙule lambobi: makarantu su zama rukuni, rukunai su zama gunduma, gundumomi su zama jaha.

A nan ne muhimmancin shugabannin tsakiya yake. Wanda ke Yamai jimla yake gani. Darakta makarantarsa kaɗai ya sani. Sufeto da shugaban ilimi na gunduma su ne ke da damar ganin makarantu da yawa a jere, kuma su san sunan kowace da hanyar zuwanta. Tun 2016, lokacin da gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi da majalisun jihohi wani ɓangare na iko a fannoni huɗu, ciki har da ilimi, ofishin magajin gari ma ya shigo cikin lissafin gina azuzuwa da kula da su. A watan Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun aka naɗa kantomomi, amma buƙatar sanin inda za a zuba ɗan abin da ake da shi tana nan yadda take.

Shawarwari huɗu da ke rataye a kan lambobi

Ta farko ita ce rabon malamai. Mu ɗauki misali don a gane. A ce makarantu biyu kowace tana da yara 240. Ta cikin gari tana da malamai 9, ta ƙauye tana da 3. In aka haɗa, yara 480 ne da malamai 12, wato malami ɗaya ga yara 40, lissafin da duk wanda ya gani a rahoto zai ce madalla. Amma a cikin gari malami ɗaya na da yara kusan 27, a ƙauye kuwa 80. Matsakaicin lissafi ya rufe asirin rashin adalci. Shugaban da ya san aikinsa ba ya tsayawa a jimlar gunduma. Yakan jera makarantun ɗaya bayan ɗaya, daga wadda ta fi cunkoso zuwa wadda ta fi sauƙi, sannan ya fara rabo daga sama.

Sanannen abu ne cewa malamai sun fi taruwa a manyan garuruwa kamar Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Dalilan ba duka na son jiki ba ne. Akwai malama mai aure da mijinta ke aiki a gari, akwai mai rashin lafiya da ke buƙatar kusanci da likita, akwai ɗan kwantaragin da sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya karɓi albashinsa. Alƙaluma ba za su warware waɗannan ba, amma suna nuna girman giɓin, kuma suna ba sufeto hujjar da zai riƙe in zai ce wa wani a'a.

Ta biyu ita ce buɗe sabuwar makaranta, abin da ma'aikata ke kira taswirar makarantu. Kowane gari na son a ce yana da lakwal, kuma nisan tafiya na daga cikin manyan abubuwan da ke hana ƙananan yara, musamman mata, zuwa karatu. Sai dai kowace sabuwar makaranta malami take ci. In aka buɗe ta don yara ashirin, an ɗauke malami daga inda yara saba'in ke jiransa. Nan ake duba yawan yaran da suka kai shekarun shiga, da nisan makaranta mafi kusa, da ko za a iya haɗa aji biyu a hannun malami ɗaya. A yankunan makiyaya kamar Bermo, Abalak da Tanut, lissafin ya sha bamban, domin makarantar da ba ta ciyar da yara ba ta riƙe su in iyali suka tashi bin makiyaya.

Ta uku ita ce gini. Ajin zana ba ya tsayawa sai an yi girbi an samu kara, kuma ruwan farko na damina yana iya tashin sa. Ke nan yaron da ke cikinsa yana rasa makonni a farkon shekara da ƙarshenta, ban da sanyin hunturu da ƙura da haɗarin gobara. In aka samu kuɗin aji goma a gundumar da ke da ɗaruruwan azuzuwan zana, sai an zaɓa. Jerin da ke nuna wace makaranta ce ba ta da ajin gini ko ɗaya, da wace ce ke da ƙananan yara a cikin zana, shi ne ya kamata ya ja ragamar zaɓin.

Ta huɗu ita ce riƙe yara a makaranta. Shigar da yaro CI ba shi ne wuyar ba. Kai shi CM2, sannan ya tsallaka kwaleji ya zauna, nan ne aikin yake. Binciken lafiya da yawan al'umma na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su kai 18. Irin waɗannan alƙaluma ne suka share fagen dokar watan Disamban 2017 kan kare yarinya da tallafa mata yayin da take karatu, da kuma shirin gina wuraren kwanan ɗalibai mata, wanda aka fara da na Kelle a gundumar Gure ta jahar Damagaram. Amma lambar ƙasa ba ta gaya wa sufeto wace yarinya ce ke shirin barin aji. Littafin kiran suna ne ke faɗa. Yarinyar da ta fara fashi kowace ranar kasuwa, sannan ta ɗauke ƙafa mako guda, tana ba da sanarwa ne tun kafin a ji labarin baiko. In wannan bayani ya kai ga darakta da kwamitin uwaye cikin mako, ana iya yin wani abu. In sai ƙarshen shekara ya fito a rahoto, ya zama tarihi.

Inda lamba ke ruɗi

Ruwa ba ya tsami banza. In ka ji jami'i na ƙin dogaro da alƙaluman da ke gabansa, sau da yawa ya san yadda aka samo su ne.

Matsala ta farko tana wajen yawan yaran da ya kamata a ce suna makaranta. Don a san kashi nawa ke karatu, ana raba yawan ɗaliban firamare da yawan yara masu shekara 7 zuwa 12. Lamba ta biyun daga ƙidayar jama'a take fitowa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya, kuma a lokacin al'ummar Nijar na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari a shekara, abin da ke cikin mafi sauri a duniya. Bayan ƙidaya, hasashe ake yi shekara bayan shekara. Hasashen na iya yin daidai a matakin ƙasa, amma a matakin ƙaramar hukuma yakan kauce. Bai san da ƴan gudun hijirar da suka shigo gundumomin Gidan Runji da Madarunfa daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina tun 2019 ba. Bai san da matan yankin Kance da ke tafiya Aljeriya da yaransu ba. Bai san da sabbin unguwannin da ke tsirowa a gefen manyan birane ba.

Ta biyu ita ce shekarun yara. Yara da yawa a karkara suna shiga makaranta ba takardar haihuwa, sai a ƙiyasta shekarunsu da ido ko da faɗuwar haƙori. Sai jarrabawa ta matso ake rige-rigen nemo takarda ta hanyar alƙali. Duk lissafin da ya dogara da shekaru yana ɗauke da wannan rauni.

Ta uku ita ce lokacin da aka ƙirga. Yawan yara a farkon shekara daban, a watan Afrilu daban. Tsakanin nan an yi girbi, samari sun tafi cin rani, wasu iyalai sun ƙaura saboda ƙarancin cimaka, an yi bukukuwan aure. Suna yana nan a littafi, mai sunan yana Kano ko Agadas. Makarantar da ta rubuta yara ɗari uku tana iya kasancewa da ɗari biyu a ranar da baƙo ya zo ba sanarwa.

Ta huɗu ita ce kwaɗayi. In darakta ya san da yawan yara ake raba malamai, littattafai da abincin makaranta, to jarabar ƙara ƴan lambobi tana nan, ko da niyyarsa ta taimaki garin ce. Wani lokacin kuma ba taimako ba ne, sata ce: binciken da hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA ta gudanar a 2016 ya bankaɗo sunayen malaman kwantaragi na bogi da ake fitar da albashi da su, alhali ba mai tsayawa gaban allo.

Ta biyar ita ce jinkiri. Kundin ƙididdiga na ƙasa yakan fito bayan shekarar da yake magana a kanta ta wuce. Yana da amfani ga masu tsara shiri na shekaru, amma sufeton da zai raba malamai a makon gobe ba zai jira shi ba. Shi ya sa a yau rabin aikin ya koma wayar hannu: daraktoci na tura hoton takarda ta WhatsApp, jami'in ƙididdiga na shigarwa a kwamfuta in akwai wuta. Ya fi sauri, amma in ba mai zuwa ya gani da idonsa, kuskure ma saurin yake yi. Zuwa gani kuwa babur yake so da mai, abin da ofisoshi da yawa ke ƙarancinsa.

Raunin alƙaluma ba ƙaramin abu ba ne. Yana cikin dalilan da suka sa aka dakata da babban shirin ilimi na 2014 zuwa 2024 a tsakiyar hanya, aka maye gurbinsa da shirin wucin gadi na 2020 zuwa 2022.

Lokutan da lambobi suka tayar da ƙasa daga barci

Duk da haka, akwai lokutan da alƙaluma suka tilasta wa kowa duban gaskiya. Shekara da shekaru abin alfahari shi ne yawan yaran da aka shigar makaranta. Sai ga sakamakon gwajin PASEC na 2014, wanda ƙungiyar ministocin ilimi ta ƙasashe masu amfani da Faransanci ke shiryawa. A cikin ƙasashe 10 da aka gwada, Nijar ce ta zo ƙarshe: ƙasa da yaro ɗaya cikin goma na ƙarshen firamare ne ya kai matakin da ake buƙata a karatu, haka ma a lissafi. Azuzuwa sun cika, amma ilimi bai shiga ba. A gwajin 2019 an samu ci gaba, inda kusan yara uku cikin goma suka kai matakin a karatu, sama da biyu cikin goma a lissafi. Har yanzu mafi yawa na baya, amma an ga cewa lambar tana motsi in aka sa ta gaba.

A watan Yulin 2017, lokacin da Dauda Mamadu Marte ke ministan ilimin firamare, aka yi wa dubban malaman kwantaragi jarrabawa. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu maki 10 cikin 20. An soke kwantaragin wasu, an tura wasu ƙarin horo. Ƙungiyoyin malamai sun yi adawa da matakin ƙwarai, suna ganin jarrabawar zaune ba ta isa ta auna malami ba, kuma jihar da ta ɗauke su aiki ba horo ba ta da bakin ɗora musu laifi su kaɗai. Darasin da ya rage shi ne: lamba na iya zama gaskiya, amma yadda aka yi amfani da ita ne ke sa mutane su karɓe ta ko su ɗauke ta makami.

Sai kuma lambar da aka daɗe da sani amma ba a ji zafinta ba sai da rayuka suka salwanta. Ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na unguwar Pays-Bas a Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamban wannan shekara irin haka ta faru a Maraɗi, inda aƙalla yara 25 suka rasu, mafi yawansu ƴan shekara biyar zuwa shida. Bayan ta Maraɗi gwamnati ta haramta saka ƴan ajin share fage a cikin zana. A lokacin ne kowa ya haddace adadin da hukumomi ke bayarwa, azuzuwan zana kusan 36,000 a faɗin ƙasa. Wannan adadi ba gobara ce ta kawo shi ba. Daraktoci sun daɗe suna rubuta shi, aji bayan aji, cikin rahotannin da ke tafiya sama kowace shekara.

A 2024 kuma ambaliya ta sa aka ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da dama sun rushe, wasu kuma waɗanda suka rasa gidajensu na zaune a ciki. Irin wannan shawara ba ta yiwuwa sai jihohi sun ƙirgo makarantun da abin ya shafa. A wannan shekarar ce kuma aka dawo da jarrabawar CFEPD ta ƙarshen firamare bayan kusan shekara goma da soke ta, abin da ya sake ba sufetoci ma'auni ɗaya da za su kwatanta makarantunsu da shi.

Abin da aka fara a Tawa

Akwai wata hanya da aka gwada a cikin ƙasar nan wadda ta juyo da alƙaluma ƙasa maimakon sama. A 2004 aka fara shirin makaranta don kowa a jahar Tawa tare da hukumar JICA ta Japan. Ginshiƙinsa shi ne kwamitin kula da makaranta da ake zaɓa ta hanyar ƙuri'ar sirri, wanda aka fara sani da COGES, daga baya ya zama CGDES. Kwamitin na tara gari, a tsara abin da za a yi wa makaranta cikin shekara, a dawo a ba da bayani. A 2007 aka faɗaɗa tsarin zuwa dukkan ƙasa.

Daga baya aka ƙara wani mataki da ake kira PMAQ. Ana yi wa yara ɗan gajeren gwaji na lissafi ko karatu, sannan a bayyana sakamakon a babban taron gari. Uban da bai taɓa shiga aji ba yana iya gane abin da ake nufi in aka ce cikin yara goma na CE2, kaza ne kawai suka iya tara lamba biyu. Daga nan gari ke yanke shawarar ƙarin darasi bayan tashi daga makaranta, a raba yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajinsu ba, a samu masu taimakon malami daga cikin matasan gari. Bayan wasu watanni a sake gwaji a gani ko an motsa. Salon raba yaran ya yi kama da wanda ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta shahara da shi.

Abin lura a nan shi ne wanda ya tattara lambar shi ne mai amfani da ita, kuma cikin mako yake ganin ta. Darakta ba ya da dalilin ƙara gishiri, domin uwayen da ke zaune gabansa sun san ƴaƴansu. Yanzu da kundin tsarin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu hujjar da za ta sa bayanin makaranta ya tsaya cikin Faransanci a aljihun tebur, uwayen yara na kallon takarda kamar laya.

Darasi biyu daga waje

Ƙasar Yuganda ta taɓa bin sawun kuɗin da gwamnati ke tura wa makarantun firamare, sai aka gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin ɗari ne kawai ke isa. Sauran na maƙalewa a ofisoshin gundumomi. Gwamnati ta fara buga adadin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, ta kuma umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa a bango. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai kusan kashi 80. Ba sabuwar na'ura aka sayo ba. Lambar aka fitar fili.

Darasi na biyu gargaɗi ne. A birnin Atlanta na Amurka, hukumar makarantu ta ɗaura ladan malamai da tsaron aikinsu a kan makin jarrabawar yara. Maki ya yi ta hawa, ana ta yabo. Binciken da aka fitar a 2011 ya gano malamai da daraktoci 178 a makarantu 44 da hannu wajen gyara amsoshin yara, kuma a 2015 kotu ta samu mutum 11 da laifi. In aka mayar da lamba ɗaya ta zama bulala, mutane za su koyi gyara lambar maimakon gyara karatun. Yanzu da CFEPD ta dawo, wannan abin tunawa ne ga duk sufeton da zai jera daraktocinsa bisa yawan waɗanda suka ci: hanya mafi sauƙi ta ɗaga sakamako ita ce hana yara masu rauni zama jarrabawar.

Tsakanin takarda da waya

Ko alƙaluma sun yi kyau, sufeto ba shi kaɗai yake cikin ɗaki ba. Akwai ɗan siyasar da ke son a ga aji a garinsu, akwai basaraken da ba a iya ce masa a'a kai tsaye, akwai babban jami'in da ƙanwarsa ba za ta zauna ƙauye ba, akwai ƙungiyar agaji da ta zo da jerin garuruwanta tun daga ofishinta. Wani lokacin ma masu kiran suna da gaskiyar da takarda ba ta ɗauka ba: hanya ta yanke da damina, gari biyu ba sa ga maciji, ƴan bindiga sun hana malami kwana. A jahar Tilaberi ɗaruruwan makarantu sun rufe saboda rashin tsaro, kuma babu jadawalin rabon malamai da ke da ma'ana in bai yi la'akari da hakan ba.

Saboda haka shugaba nagari ba ya zama bawan lamba, ba ya kuma jefar da ita. Yana farawa da ita, ya je ya gani, ya saurari mutane, in zai kauce wa abin da jeri ya nuna sai ya faɗi dalili a fili. Abin da ke kare shi daga matsin lamba shi ne ƙa'idar da aka sanar tun kafin rabo, da jerin da aka liƙa a ƙofar ofis inda kowa zai gani. Mai neman alfarma ya fi son ɗaki mai duhu.

Me ya rage ga matasa da mazauna waje?

Ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke Yamai, Kwatano, Akra, Abijan ko Turai sukan tara kuɗi su gina aji a garinsu, kuma abin yabo ne. Amma kafin a sayi siminti, akwai tambayoyin da ya dace a yi wa darakta da kwamitin CGDES. Yara nawa aka rubuta a farkon shekara, nawa ke zuwa yanzu? Malamai nawa ne, kuma kwana nawa aka yi karatu a watan jiya? Cikin matan da suka shiga CI shekara shida da suka wuce, nawa suka kai CM2? Yara nawa ne a CE2 ke iya karanta gajeren labari? Nawa ne ba su da takardar haihuwa? Shin sufeto ya san da ginin, kuma akwai malamin da zai shiga ajin?

Amsoshin na iya nuna cewa abin da makarantar ta fi buƙata makewayin ƴan mata ne, ko ɗakin kwanan malami, ko littattafan karatu, ko ɗan alawus na masu ƙarin darasi da yamma. Aji mai fenti da ba malami a ciki, akuyoyi ne ke cin moriyar inuwarsa.

Ɗalibin jami'ar Maraɗi, Damagaram ko Tawa da ya je gida hutu yana iya zama da darakta awa biyu ya taimaka a tsara waɗannan lambobi a kan takarda ɗaya, da Hausa, a karanta a taron gari. Ba ya buƙatar izinin kowa daga Yamai. Kuma ranar da wakilin maigari zai sake yin sammako zuwa ofishin sufeto, zai shiga da takardar da ke cewa ga yawan yaranmu, ga malamanmu, ga matsayinmu a jerin gunduma. Mai irin wannan takarda haƙƙi ya zo nema, kuma ya fi wuyar sallama da "sai ka ji daga gare mu".